Miles Davis ko Lee Morgan: da wane faifai za ka fara sauraren jaz?

Wani ƙanena ya tarar da ni a tsakar gida da daddare, an ɗauke wuta, na toshe kunnuwa ina gyaɗa kai ni kaɗai. Ya zare ɗaya daga cikin abin kunnen ya sa a nasa, ya yi tsit kamar minti guda, sannan ya ce, "Yaya, wai yaushe mawaƙin zai fara ne?" Na ce masa ai babu mawaƙi, ƙahon nan da kake ji shi ne mai maganar. Ya yi dariya ya wuce abinsa. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo, wai abin ya tsaya masa a rai, in zaɓa masa faifai ɗaya tak da zai fara da shi. Ya ƙara da cewa kada in cika shi da sunaye.

Faifai biyu suka faɗo mini, kuma dukansu masu busa ƙaho ne suka jagorance su da 'yar ƙaramar ƙungiya. Na farko shi ne Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959. Na biyu The Sidewinder na Lee Morgan, na 1964. Duk wanda ka tambaya cikin masana, kafin ka rufe baki zai ce maka na Miles. Ni ma na yarda ya fi girma. Sai dai girman faifai daban, dacewarsa da kunnen da bai saba ba daban, kuma wannan ne ya sa na tsaya na auna su da kyau.

Kind of Blue a zama biyu aka ɗauke shi, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Columbia da ke titi na 30 a New York. Ginin tsohuwar majami'a ce mai rufi da tsawo, shi ya sa za ka ji sautin yana da sarari kamar iska na zagaya makaɗan. Miles yana da shekara 32 a lokacin. Ya zo da masu busa saksafon biyu (wani abin busa ne na ƙarfe mai lanƙwasa), John Coltrane da Cannonball Adderley, da Paul Chambers a kan bas, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsu, da Jimmy Cobb a kan ganguna. Mai fiyano kuwa Bill Evans ne, wanda ya riga ya bar ƙungiyar tun ƙarshen 1958, Miles ya sake kiransa musamman saboda wannan aikin. Wynton Kelly, wanda shi ne ke riƙe da kujerar fiyano a ƙungiyar a lokacin, kiɗa ɗaya kawai aka ba shi cikin biyar.

Don a gane abin da Miles ya yi, sai an san abin da ake yi kafin sa. Jaz ɗin da ya yi tashe tun shekarun 1940, wanda ake kira bibop, an gina shi ne a kan haɗin sautuka masu sauyawa da sauri. Mai fiyano zai danna wani haɗi, kafin ka ƙirga biyu ya koma wani, mai busa kuma dole ya bi shi yana ƙirƙiro abin da zai faɗa nan take. Kamar mai tuƙa babur ne a lungunan cikin birni, kowane taku kaɗan sai kwana. Miles ya gaji da kwane-kwanen. Ya ɗauki tunanin da wani makaɗi mai suna George Russell ya shimfiɗa tun 1953, na a tsaya a kan tsanin sauti guda, wato jerin sautukan da kiɗa ke hawa da sauka a kansu, na dogon lokaci, a bar mai busa ya nemi abin faɗa a cikinsa. A kiɗan farko na faifan, So What, tsani biyu ne kacal. Ana zama a kan na farko tsawon gaɓa 16 (gaɓa ita ce 'yar ƙullin bugu da ake ƙirga tsawon kiɗa da ita), a ɗan hau sama kaɗan na gaɓa 8, a dawo gida na gaɓa 8. Shi ke nan ginin.

Ga Ba'amurke na 1959 wannan sabon abu ne. Ga Bahaushe kuwa, in ya natsu, zai ji kamar ya san hanyar. Mai garaya ko mai goge ai ba ya yawo tsakanin haɗin sautuka. Tsaninsa guda ne tun daga farko har ƙarshe, gwanintarsa tana cikin yadda yake juya 'yan sautukan nan, inda zai ja, inda zai datse, inda zai yi shiru ya bar kiɗa ya numfasa. Haka kuma yadda So What ke buɗewa bayan 'yar gajeriyar shimfiɗa: bas ya yi kira, masu busa da fiyano su amsa da sauti biyu, ya sake kira, su sake amsawa. Wannan ai mawaƙi ne da 'yan amshinsa, sai dai a nan mai muryar ƙasa ne ke ja gaba. Miles da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya kalli wasan wata ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Gini, sautin ɗan ƙaramin abin kiɗan nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu ya shiga ransa, kuma shi yake nema a wannan faifan. Ya ma ce bai kai ga kama sautin yadda yake so ba. Faifan da duniya ke sara wa, mai shi yana ganin ya kuskure abin da ya auna.

The Sidewinder kuwa rana ɗaya aka yi shi, 21 ga Disamba 1963, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, ƙarƙashin kamfanin Blue Note na Alfred Lion. Mutum biyar ne: Lee Morgan da ƙaho, Joe Henderson da saksafon, Barry Harris a fiyano, Bob Cranshaw a bas, Billy Higgins a ganguna. Morgan ɗan Filadelfiya ne, shekararsa 25 a ranar, amma ya riga ya ga jiya ya ga yau. Yana ɗan 18 ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, yana 19 ya busa a faifan Coltrane mai suna Blue Train, daga 1958 kuma ya zama ƙahon ƙungiyar Art Blakey, mai gangan nan da ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. Sai muguwar ƙwayar nan ta heroyin ta kayar da shi, ya koma gida Filadelfiya kusan shekara biyu ba a jin ɗuriyarsa sosai. Wannan faifan na dawowarsa ne, kuma kana jin yunwar mutumin da ke son a san yana nan da ransa.

Kiɗan da ya ba faifan suna minti goma ne da 'yan daƙiƙu. Cranshaw ya sha ba da labarin cewa a ranar ɗaukar sautin aka ga ana bukatar ƙarin kiɗa ɗaya, Morgan ya shige bayan gida ya daɗe, ya fito da shi a rubuce. Asalinsa bulus ne, wato tsohon ginin kiɗan baƙaƙen Amurka mai gaɓa 12, sai Morgan ya miƙe shi zuwa 24, ya ɗora shi a kan wani taku na rawa da Higgins ke bugawa kamar yana murmushi. Sunan na wani maciji ne na hamadar Amurka mai tafiya a karkace, ko da yake Morgan ya ce shi mugun nan na finafinan talabijin yake nufi. Kiɗan ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Faifan ya hau har lamba 25 a jerin Billboard na faya-fayen da aka fi saye a Amurka, wurin da faifan jaz ba ya cika leƙawa, har kamfanin motoci na Chrysler ya sa kiɗan a tallarsa a 1965.

To, a ina suka bambanta ga mai sauraro?

Babban bambancin yana bakin ƙahon. Miles mai rowar sauti ne. Ba ya cika hawa sama, ba ya karkaɗa murya, yana fitar da jimla gajeriya ya tsaya, kamar dattijon da ya san za a jira shi. Ka saurari shigarsa a So What, daidai inda Cobb ya daki farantin tagulla da ƙarfi, wajen minti ɗaya da rabi. Abin da ya busa daga nan za ka iya rera shi da baki bayan ji uku ko huɗu, kuma makaɗa da yawa sun haddace shi kamar karatu. A wasu kaɗe-kaɗe biyu na faifan, Blue in Green da Flamenco Sketches, ya toshe bakin ƙahon da wani murfin ƙarfe, ya matso kusa da makirfo, sai sautin ya koma siriri kamar raɗa. Morgan kishiyar haka ne. Sautinsa fes yake, mai kauri da ƙyalli, yana harba jimla yana lanƙwasa ta, wani lokaci ya danna maɓallin ƙahon rabi-rabi sai sautin ya fito a matse kamar mai tsokana ta hanci. Saurayi ne ɗan ƙwalisa da ya shigo dandali ya san idanu na kansa. Gadon Clifford Brown ya ɗauka, gwanin ƙahon da ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25, wanda Morgan ya taso yana koyi da shi. In abin da kake so shi ne ka ji iyakar abin da ƙaho zai iya yi a hannun gwani, Morgan zai nuna maka fiye da Miles a waɗannan faya-fayen biyu. In kuwa so kake ka ji yadda ake faɗin abu mai nauyi da kalmomi kaɗan, wajen Miles za ka.

Sai kiɗan ƙasa, wato abin da ƙafa ke bi. A nan Sidewinder ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau wajen kama sabon kunne. Daƙiƙa goma ba za su cika ba za ka ga kana taka ƙasa. Duk wanda ya tashi da jin hailaif a rediyo, ko kiɗan Fela, wanda shi ma da ƙaho ya fara kafin ya koma saksafon, ba zai ji baƙunta ba: masu busa biyu suna faɗin jimla ɗaya tare, fiyano na maimaita 'yar gajeriyar amsa, ganga ba ta sassautawa. Kind of Blue tafiyarsa ta raƙumi ce. Cobb yana shafar farantinsa ne a hankali, Chambers na taka sauti ɗaya-ɗaya a ƙasa. Akwai lilo a ciki, musamman a All Blues mai bugu shida da ke juyawa kamar ana rarrashin yaro, amma lilo ne na zaune.

Inda Kind of Blue ya rama, kuma ya rama da yawa, shi ne a matsayinsa na faifai sukutum. Minti 45 ne da ɗoriya, kiɗa biyar, kuma babu wanda za ka tsallake. Kowanne yana buɗe ƙofar na gaba. Freddie Freeloader, wanda Kelly ya kaɗa, shi ne mai fara'a a cikinsu, an sa shi na biyu don ka saki jiki. Daga nan Blue in Green ya ja ka cikin ɗaki ya rufe ƙofa. Wannan kiɗan gaɓa goma ne kawai da ke zagayawa ba ka gane inda ya fara da inda ya ƙare, kuma an daɗe ana jayayya a kan cewa Evans ne ya tsara shi ko da yake sunan Miles aka rubuta. Na ƙarshe, Flamenco Sketches, ba shi ma da wata jimla da aka rubuta tun farko. Tsani biyar aka jera, kowane mai busa ya zauna a kan kowanne gwargwadon yadda ya ga dama kafin ya matsa. Evans, wanda ya rubuta bayanin bayan faifan, ya kwatanta aikin da zanen tawada na Jafanawa, inda ba a goge layi in an ja shi.

Ƙari a kan haka, masu saksafon biyun nan makaranta ce guda. Coltrane yana haƙa ne kamar mai neman ruwa a rijiya, ya kama jimla ya juya ta ta kowace fuska, muryarsa ba wasa. Cannonball na shigowa sai ka ji an buɗe taga, zaƙin baki da annashuwa. Jin su a jere a kan tsani ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi da na sani ta gane cewa a jaz kowane mai busa yana da muryarsa kamar yadda kake gane muryar mutanen gidanku a duhu. Kimanin mako biyu bayan zama na biyu, Coltrane ya shiga ya ɗauki Giant Steps, faifan da ya cika da kwane-kwanen da Miles ke gudu. Mutum ɗaya, wata ɗaya, hanya biyu.

Sidewinder ba shi da wannan dunƙulewar. Kiɗan farko ya yi ƙarfin da ya danne sauran huɗun, har mutane da yawa ba su san me ke bayansa ba. Wannan asara ce, domin a ganina Totem Pole, na biyu, ya fi shi daɗin saurare in an daɗe tare. A nan ne Henderson, wanda a 1963 ne ya fara fitar da faifai da sunansa, ya nuna irin kaifinsa, yana murɗa jimla ta inda ba ka zata ba. Boy, What a Night ma bulus ne mai gudu da ke tafe kamar doki ya ga gida. Gary's Notebook da Hocus-Pocus aiki ne mai kyau na ƙwararru, amma ba za su hana ka barci ba. Wani abin kuma, waɗannan huɗun ba irin kiɗan farkon ba ne, jaz ne na sosai mai sauyin haɗin sautuka. Wanda rawa ta jawo shi zai iya jin kamar an yi masa talla da wani abu an sayar masa da wani. Ni kam ina ganin wannan alheri ne, an yaudare ka zuwa makaranta.

Nasarar kiɗan ta zame wa Morgan alheri da ƙaya. Blue Note ta shiga neman irinsa, faya-faye da dama na kamfanin suka riƙa buɗewa da kiɗa mai wannan takun, har da nasa The Rumproller. Faifan da ya ɗauka a Fabrairu 1964, Search for the New Land, wanda ya fi zurfin tunani, sai aka ajiye shi har 1966. Morgan bai yi tsawon rai ba. A Fabrairu 1972 matar da suke zaune tare ta harbe shi a wani gidan kiɗa mai suna Slugs' a New York, dusar ƙanƙara ta hana motar asibiti isowa da wuri, ya rasu yana da shekara 33. Shi ma Miles, kwana takwas bayan fitowar Kind of Blue, wanda ya fito ranar 17 ga Agusta 1959, 'yan sanda suka fasa masa kai a ƙofar gidan kiɗa na Birdland inda yake aiki, don an ce ya matsa ya ƙi. Natsuwar da ke cikin faifan ba daga rayuwa mai natsuwa ta fito ba.

Yanzu ga maganar da masana ba sa yi, wadda kuma ita ce ta fi shafar mu: da me za ka saurara, kuma a ina? Yawancinmu da waya muke ji, sau da yawa ta lasifikarta. Lasifikar waya ba ta iya fitar da muryar bas. Ka kunna So What a haka, kiran da Chambers ke yi zai ɓace, sai amshin kawai za ka riƙa ji, kamar 'yan amshi suna amsa wa mawaƙin da bai zo ba. Blue in Green kuwa ƙarar janareton maƙwabci kaɗai ta isa ta haɗiye shi. Kind of Blue yana bukatar abin kunne mai ɗan kyau ko lasifika mai ƙasa, da dare ko sanyin asuba, da minti 45 da ba wanda zai kira ka. Sidewinder ba ruwansa. A mota, a shago, a wurin aiki, ƙahon Morgan da gangar Higgins za su huda hayaniya su iso gare ka. Van Gelder ya iya ɗaukar masu busa su fito gaba, kusa da fuska, kuma hakan ya taimaka.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da laushin Kind of Blue. Saboda ba ya takura wa kowa, an mayar da shi kiɗan otal da ɗakin jira. Sabon mai sauraro zai iya kunna shi yana danna waya, ya ƙare bai ji komai ba, ya ce jaz kiɗan barci ne. Sidewinder ba ya ba ka wannan damar.

Game da wane bugu za ka nema, magana ɗaya ce mai amfani. Na'urar da ta ɗauki zaman farko na Kind of Blue tana ɗan jinkiri, don haka kiɗa uku na farko suka fito da ɗan sauri da ɗan tsini a tsofaffin faya-fayen garmaho da kaset. An gyara wannan a bugun shekarun 1990, kuma abin da ke manhajojin saurare a yau gyararren ne. Bugu da yawa suna ƙara ɗauka ta biyu ta Flamenco Sketches a ƙarshe, na Sidewinder kuma ta Totem Pole. Ka bar su sai daga baya. Ka ji kiɗa biyar-biyar yadda aka jera su tun asali.

Hukuncina ga ƙanen nawa shi ne ya fara da The Sidewinder, ya yi mako guda da shi, kuma kada ya tsaya a kiɗan farko. Dalilina shi ne na san shi, ba ya zama wuri ɗaya, kuma a shago yake yini. Wanda ya riga ya saba da zama ya saurari goge ko garaya na rabin awa ba tare da ya ƙosa ba, ko mai son karatu da dare, zan ce masa ya tafi kai tsaye ga Kind of Blue, domin kunnensa ya riga ya san zama a kan tsani guda. Wanda kuma kuɗinsa na faifai ɗaya ne tak da zai ajiye shekara ashirin, na Miles zai saya. Na Morgan na fi kunnawa a wata na farko da na san su. A shekarun da suka biyo baya, na Miles na fi komawa, kuma har yanzu ina tsintar abin da ban taɓa lura da shi ba, galibi a hannun hagu na Evans.

Ya bi shawarar rabi. Sidewinder ya kama shi har yaran shagon sun iya busa jimlar farko da baki, ya kuma dawo yana tambaya wane ne wannan mai saksafon, ko yana da nasa faifan. Kind of Blue kuwa bai jira mako ya cika ba, ya kunna shi a lasifikar waya da tsakar rana, ya zo ya ce mini, "Yaya, wannan ai minti na farko babu komai a ciki." Na ɗauko abin kunnena na ba shi aro, na ce ya sake gwadawa bayan sallar isha'i. Wata biyu ke nan bai dawo mini da shi ba.